Nonon da ke jikin bunsuru: yadda ake zaɓen uban garke a ƙasar Arewa

Idan sallar layya ta rage wata guda, duk wanda ya bi kwalta daga Kore Mairuwa zuwa Dogondutsi zai ga raguna a kan amalanke, raguna a bayan babur, raguna a saman motocin da suka nufi Yamai. Kuma ba kowane rago ake fitarwa ba. Zaɓaɓɓu ne, masu tsayi, masu faɗin ƙirji, masu ƙahon da ya murɗe. Bayan salla sai ka leƙa garken unguwa ka ga wanda aka bari yana bin tumaki: ɗan tsugul ɗin nan da dillali ya taya da raini, mai shi ya ji haushi ya fasa sayarwa. Shi ne uban ƴaƴan baɗi. A yi shekara biyar a haka, sai a zauna gindin gawo ana cewa tumakin yanzu ba su kai na da ba.

Ba laifi ba ne a sayar da rago mai kyau. Kuɗinsa ke sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa, kuma kasuwa tana da dalilinta na son cikakken namiji. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta fifita ragon da ba a dandaƙe ba a kan dandaƙaƙƙe wajen layya, ta fifita dandaƙaƙƙe a kan tunkiya. Matsalar tana wajen wanda za a bari. Shi kuwa ba a iya zaɓensa da ido kaɗai, domin namiji yana ɗauke da gadon da jikinsa ba zai taɓa nunawa ba, mace ma haka. Bunsuru yana ɗauke da nono. Tunkiya marar ƙaho tana ɗauke da ƙaho.

Iri a ƙasa, ruwa a sama

A cikin kowace ƙwayar jiki akwai wasu siraran zaruruwa da masana ke kira kuromosom. Mu kira su igiyoyin gado. Tunkiya tana da 54, akuya da saniya 60, ɗan Adam 46. Tafe suke biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Biyu ne kawai daga cikinsu suka bambanta tsakanin jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Duk sauran, wato 52 a tunkiya, 58 a akuya da saniya, 44 a mutum, na tarayya ne. Abin da rago ya samu a kansu, ƙanwarsa ma tana iya samu. Kuma yawancin abin da ya dami makiyayi, nono da ƙaho da girma da yawan haihuwa, a kan igiyoyin tarayyar nan aka rubuta shi.

To me ya sa rago da ƙanwarsa ba su kama da juna? Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dallol Mawri cikin bazara ya san ƙasa tana nan fayau kamar ba komai a cikinta. Ruwan farko na sauka, sai ƙarangiya ta fito nan, tafasa ta fito can. Ruwan bai kawo iri ba, tada wanda ke kwance ya yi. Aikin da sinadaran jinsi ke yi ke nan, waɗanda likitoci ke kira homon. Maraina suna yin testosteron su zuba shi cikin jini. Ma'ajiyar ƙwan mace tana yin estrojin da furojesteron. Sinadarin yana shiga ƙwayar jiki, ya haɗu da wani makarɓi da aka tanada dominsa, su biyun su je su zauna a kan igiyar gado, su buɗe wani wuri ko su rufe shi. Inda ba a gaji abu ba, ko an cika jiki da homon ba zai fito ba. Inda aka gada amma babu homon ɗin, yana nan kwance, kuma yana wucewa ga ƴaƴa lafiya lau.

A 1849 wani Bajamushe mai suna Berthold, a garin Gottingen, ya fiɗiye ƴan zakaru. Zankonsu bai girma ba, ba su yi cara ba, ba su kula kaji ba. Waɗanda ya mayar wa maraina cikin ciki kuwa, ko da ba a mazauninsu na asali ba, sai suka zama cikakkun zakaru. Ya gane cewa saƙon ta jini yake bi. Sai a 1935 aka ware sinadarin aka raɗa masa suna testosteron. Duk tsohuwar da ta taɓa sa aka dandaƙe mata ɗan akuya ta ga warin bunsuru bai zo ba, ta yi rabin gwajin Berthold a tsakar gidanta.

Ba kowane gado ne ya damu da jinsi ba. Launin Uda, gaba baƙi ko ja, baya fari, iri ɗaya ne a rago da tunkiya. Irin wannan ido ya isa. Wahalar tana ga gadon da jinsi ɗaya kaɗai ke nunawa, kamar nono da tagwaye, da kuma wanda jinsi biyu ke nunawa amma da ƙarfi daban, kamar ƙaho da gemu.

Nono: ka tambayi matan gidansu

A nan ne aka fi yin asara, don haka a nan zan daɗe. Ƙwayoyin gadon da ke sarrafa mafi yawan furotin na nono suna kan igiya ta 6 a saniya da akuya da tunkiya. Wata da ke da hannu sosai wajen yawan mai a nonon saniya tana kan igiya ta 14. Duk na tarayya ne. Bijimi yana da su cif, amma babu estrojin da furojesteron na ciki da za su gina masa hantsa, babu haihuwar da za ta sa nono ya kawo. Kowace karsana da ya haifa, rabin gadon nononta daga gare shi ne.

Lissafin mai sauƙi ne. Akuya ɗaya tana ba ki ɗa ɗaya ko biyu a haihuwa. Bunsuru ɗaya yana iya hawan awaki ashirin ko talatin a shekara. In kin yi kuskure wajen zaɓen akuya, ƴaƴa biyu ya shafa. In unguwa ta yi kuskure wajen bunsuru, duk ƴaƴan shekarar ne. Shi ya sa cibiyar jar akuya ta Maraɗi, tun shekarun 1960, take ba da ƙarfi wajen fitar da zaɓaɓɓun bunsuraye zuwa ƙauyuka, kuma tashar Tukunus ta ƙasar Filinge, inda ake tace shanun Azawak tun zamanin mulkin Faransa, take auna nonon uwa kafin ta ce maraƙinta ya cancanci zama bijimi.

Tun da shi ba zai nuna ba, sai a tambayi danginsa mata. Uwarsa ce ta farko: rabin gadonsa nata ne. Sai ƴan'uwansa mata: wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya, kusan rabi suka haɗa, wadda suke uba ɗaya kawai, kusan kwata. Sai uwar ubansa, wadda kowa ke mantawa da ita, alhali kwatan gadonsa daga gare ta ne. Shaida mafi ƙarfi ita ce ta ƴaƴansa mata, musamman idan sun kai biyar ko goma daga uwaye daban-daban. Idan duk suka fi uwayensu nono, ka san daga inda abin ya fito. Ƙasashen da suka yi nisa a kiwon madara sun yi shekaru da dama a kan wannan hanya, suna ajiye bijimi har sai an tatsi ƴaƴansa. Tun 2009 Amurka ta fara dogara da karanta gadon maraƙi kai tsaye daga jini ko gashi. Mu ba mu da wannan a Dankasari, amma muna da gwangwani da alƙalami.

Ga yadda ake awon. Ki ware ƙwarya ko gwangwani guda, kada ki canza shi. Sau ɗaya a mako, a rana ɗaya, ki raba ɗan da uwarsa da dare, da safe ki tatse ta sarai ki auna, sannan ki ba ɗan rabonsa. Ki fara bayan mako biyu da haihuwa, ki ci gaba har nonon ya ɗauke. Ki rubuta, ko ki sa ɗan makaranta ya rubuta, ko ki ja layi da gawayi a bangon ɗaki. Abu biyu ake nema: yawan nono, da tsawon lokacin da ta yi tana bayarwa. Akuyar da ke cika gwangwani wata ɗaya ta kafe ba ta kai wadda ke ba da rabi wata huɗu ba. Tunkiya kuwa, tun da ba a cika tatsarta ba, ɗanta ne ma'auni: girman da ya yi a wata na farko kusan duk nonon uwa ne.

Sai a kula da tarko. Wajen kwata zuwa sulusi ne kawai na bambancin nono tsakanin dabbobin garke ɗaya yake fitowa daga gado. Sauran ci ne, da sha, da lafiya, da shekaru. Akuyar da ta haihu da kaka, lokacin harawa da kowar wake, ba a gwada ta da wadda ta haihu a watan Mayu tana lasar ƙasa. Mai haihuwar fari ba a gwada ta da mai ta uku. Wadda ake ba dusa da ƴaƴan gawo a turke ba a gwada ta da mai yawon bola. Haka kuma ɗan ragon da aka haifa shi kaɗai ya sha nono shi kaɗai, dole ya fi tagwaye cika ido a ranar yaye, ba don ya fi su gado ba. Dillali zai ce maka, "Dubi wanga ƙirji, Alhaji, wanga ai ba ya da na biyu." Gaskiya ya faɗa game da nama. Game da jikokin ragon bai ce komai ba.

Haihuwar tagwaye ma gadon mace ne da namiji ke ɗauka. A tumakin Merino na Ostareliya an gano wata ƙwayar gado guda, a kan igiya ta 6, da ke ƙara yawan ƙwan da tunkiya ke saki, kuma rago yana ɗauke da ita ba tare da wata alama ba. Amma a yawancin garke, rabon gado a wannan sha'ani ƙarami ne, wajen ɗaya bisa goma. Saboda haka kada a ɗora komai a kan cewa an haifi bunsuru tagwaye. A duba uwarsa ko ta saba yi haihuwa bayan haihuwa, kuma ko tana iya shayar da su duka su rayu. Tagwayen da ɗaya ke mutuwa kowace shekara wahala ce kawai.

Abin da jikin namijin ke iya faɗa

Akwai ƴar taga guda. Sinadaran da ke fitowa daga wani ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa suna umartar maraina, su ne dai ke umartar ma'ajiyar ƙwan mace. Wani masani a Edinbara mai suna Land ya nuna a 1973 cewa girman maraina a namiji yana tafiya da yawan sakin ƙwai a danginsa mata. Daga baya an ga a shanu cewa bijimi mai manyan maraina, ƴaƴansa mata sukan balaga da wuri. Don haka kama ragon, ka sa hannu. Su zama biyu, daidai da juna, masu tauri kamar tsokar dantse, suna motsi cikin jakarsu, babu kumburi babu ƙari. Tsakanin sa'o'i biyu da suka ci abinci ɗaya, mai manya ya fi.

Wanda maraininsa ɗaya ya maƙale a ciki bai sauko ba, a cire shi daga lissafi ko da ya fi kowa kyau. Yana iya ba da ciki da guda ɗayan, nan ne haɗarin, domin aibin yana bin jini, kuma ƴaƴansa mata za su ɗauka su miƙa wa nasu ƴaƴan maza ba tare da kowa ya gani ba. Idan tunkiya ta haifi irin wannan sau biyu daga raguna daban, ita ma kada a ajiye ɗanta.

Ka kuma duba gaban jakar marainan. Rago da bunsuru suna da ƴan kawunan nono. Su zama biyu, a rabe sarai. Mai uku ko huɗu, ko mai kai biyu a manne, yana iya ba ƴaƴansa mata hantsar da ke wahalar tatsa da shayarwa.

Ƙaho

A tumakinmu, Uda da Bali-bali da Ara-ara, rago ne ke da ƙaho, tunkiya yawanci babu, ko ɗan tsiro. Wurin da ya fi ƙarfi wajen sarrafa ƙahon tumaki yana kan igiya ta 10, ta tarayya. A 1905 wani malamin noma na Kambirij mai suna Wood ya haɗa tumakin Dorset, waɗanda maza da mata duk ke da ƙaho, da na Suffolk, waɗanda duk babu. Ƴaƴan da aka samu gadonsu ɗaya, rabi ƙaho rabi babu. Mazan suka yi ƙaho, matan ba su yi ba. Da aka haɗa waɗannan da junansu, sai kusan uku cikin huɗu na jikoki maza suka yi ƙaho, a mata kuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Wato ga namiji kwafi ɗaya ya isa, mace sai ta samu biyu. Gemun awaki ma haka yake bi: ya fi saurin fita a bunsuru.

Amfanin wannan ga mai turka rago a bayyane yake. In kana son ƙahon da ke ƙara wa rago kuɗi, kada ka dubi uba kawai. Tambayi yadda ƙahon uban tunkiyar yake, da na ƴan'uwanta maza, da na ƴaƴan da ta riga ta haifa. Ƙahon da ya murɗe ya matse fuska har yana neman huda kumatu, shi ma ta wajen uwa yana iya zuwa. Amma ni a ganina an cika ba ƙaho muhimmanci. Sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Nonon uwa kuwa shi ke raya kowane ɗa.

A awaki labarin ƙaho daban ne, kuma a nan akwai doka guda da ba ta da togaciya: kada a haɗa bunsuru marar ƙaho da akuya marar ƙaho. Ina nufin waɗanda aka haifa ƙundumai, ba waɗanda ƙahonsu ya karye ba. Rashin ƙaho a akuya yana fita da kwafi ɗaya. Amma masu bincike a Faransa sun nuna a 2001 cewa abin da ke kawo shi wani gutsure ne da ya ɓace a igiya ta 1, kuma wurin yana da hannu wajen gina ma'ajiyar ƙwan mace. Ƴar akuyar da ta gaji kwafi biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, takan fito mata-maza, ba ta haihuwa. Namiji mai kwafi biyu shi ma sau da yawa ba ya ba da ciki. Idan uwa da uba duk ƙundumai ne masu kwafi ɗai-ɗai, kusan ɗaya cikin huɗu na ƴaƴan zai samu biyu. Idan ɗayansu mai ƙaho ne, wannan matsala ba ta tasowa. Mai ƙunduma mai nono ta riƙe abarta, ta dai nema mata bunsuru mai ƙaho.

Kada a rikita wannan da abin da ke faruwa ga tagwayen saniya. Idan saniya ta haifi mace da namiji tare, kusan tara cikin goma na irin waɗannan mata juya ne. Jijiyoyin jinin mabiyiyarsu suna haɗewa a ciki, sinadaran ɗan'uwanta su shiga jikinta su hana mahaifarta ginuwa. Ba'amurke Lillie ya bayyana wannan a 1916. Aikin homon ne tsantsa, ba gado ba, don haka ba a zargin bijimin. Maraƙar dai a turka ta don nama, kada a yi shekara huɗu ana jiran cikin da ba zai zo ba. A tumaki da awaki abin ba ya cika faruwa, ƴar akuyar da aka haifa tare da namiji a ajiye ta ba fargaba.

Dandaƙa

Zaɓe ba ya da amfani muddin kowane ɗan bunsuru yana yawo sake da rani. Ɗan wata biyar ko shida yana iya ba da ciki, kuma shi ba ya tambayar ko uwarsa ce ko ƙanwarsa. Duk namijin da ba a zaɓa ba, ɗaya cikin uku: a dandaƙe shi, a ɗaure shi a turke, ko a sayar kafin ya balaga. Ragon layya da ake son ya kai salla cikakke, turke ne nasa, ko a ɗaura masa bante na fata ko buhu a ciki idan zai fita kiwo.

Dandaƙa tana yanke testosteron, kuma lokacin da aka yi ta shi ke nuna abin da za a samu. In an yi da wuri, ƙahon rago yakan tsaya, wuya ba ya kauri, warin bunsuru ba ya zuwa, dabba ta yi sanyin hali ta tara kitse. In an yi bayan ya girma, abin da ya riga ya ginu yana nan. Sa da aka dandaƙe da ƙuruciya tozonsa ba ya cika kamar na bijimi, ƙahonsa ya fi tsawo da siranta, kuma shi ya fi daɗin sarrafawa a amalanke da garma.

Sai dai akwai wani abin da testosteron ke ginawa wanda ba a gani: faɗin bututun fitsari. Wanda aka dandaƙe tun yana ɗan kwanaki, bututunsa yakan zauna a tsuke. In aka zo aka turka shi da dusa zalla, ruwa kaɗan, tsakuwa tana iya toshe shi, ka ga dabba tana nishi tana yunƙurin fitsari ba ya fita. Wannan aikin gaggawa ne na likitan dabbobi. Wanda za a daɗe ana turkawa, gara a bari ya yi wata uku ko huɗu kafin a dandaƙe, a haɗa masa dusa da harawa, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa, da ɗan gishirin lasa don ya riƙa sha.

Wajen aikin kansa, a kai wa ma'aikacin kiwo mai almakashin Burdizzo, wanda ke murƙushe jijiya ba tare da yanka fata ba. Ana kama jijiya ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗa su a matsa ɗaya, kuma ba a bari sawun biyu su haɗu a tsakiyar jaka. Bayan makonni marainan za su motse. In ɗaya bai motse ba, a koma. Yankan wuƙa a lokacin damina, da ƙuda da laka, yana jawo tsutsa da cutar tetanus mai sandarar da jiki. Kuma babban namiji da aka dandaƙe a raba shi da mata kamar wata guda, domin sauran maniyyin da ke hanya yana iya ba da ciki.

Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara: allura ko ƙwayar ƙiba da ake sayarwa a tebur ba ta taɓa gado. Ragon da aka kumbura da magani, ɗansa ba zai gaji kumburin ba. Mai sayen uban garke a kasuwa ya fi kowa shiga wannan rami.

Shi kuwa warin bunsuru da muke toshe hanci dominsa, aiki yake yi. Masu bincike a Japan sun ware sinadarin da ke cikinsa a 2014, suka nuna yana tada ƙwaƙwalwar akuya ta fara shirin sakin ƙwai. In an raba awaki da kowane namiji na wata guda ko fiye, sannan aka sako zaɓaɓɓen, da yawa sukan nemi barbara cikin kwanaki kaɗan. Akuya tana dawowa neman namiji kusan kowane kwana 21, tunkiya kusan 17, ciki kuwa wata biyar ne. A bar shi da su kwana arba'in zuwa arba'in da biyar, kowace ta samu zagaye biyu. Mai son haihuwa ta faɗo da kaka, lokacin da abinci ya wadata, sai ya ƙirga wata biyar baya.

Mu ma haka muke

Sanƙo shi ne ƙahon ɗan Adam. Tun zamanin Girkawa aka lura babanni ba su yin sanƙo. A 1942 wani masani Hamilton na Amurka ya nuna cewa mazan da suka rasa maraina kafin balaga ba su yinsa, amma da aka ba su testosteron, waɗanda sanƙo ke danginsu sai gashi ya fara zuba. Abin dariyar shi ne sinadari ɗaya ne ke tsirar da gemu yake kuma cinye gashin ka. Masu cewa daga wajen uwa kaɗai ake gadonsa sun faɗi rabi: makarɓin sinadarin yana kan X, wadda namiji ke samu daga uwa, amma akwai wurare da yawa a igiyoyin tarayya, har da ta 20, da ke zuwa ta kowane ɓangare.

Wanda ya fi sanƙo nauyi shi ne kansar nono. Ƙwayoyin gado biyu da aka fi sani da ita, BRCA1 da BRCA2, suna kan igiya ta 17 da ta 13. Uba yana iya ɗauka ya ba ƴarsa. Idan likita ya tambayi mace ko akwai ciwon a danginsu, ta ƙirga gwaggo da kaka ta wajen uba, ba inna da iya kaɗai ba. Kuma tun da mun zo nan: X kaɗai mace ke bayarwa, X ko Y daga namiji yake zuwa. Mai fushi da matarsa don ta jera ƴaƴa mata bai san lissafin ba.

Shekara biyu, sai musanya

Bunsurun da aka fara sakawa yana ɗan wata goma, sai ya kai wajen shekara biyu da rabi kafin a tatsi ƴaƴansa na fari. Tun kafin lokacin kuwa ƴaƴan nan sun isa barbara, shi kuwa bai kamata ya hau su ba, domin haɗa uba da ƴa yana tara aibobin da ke ɓoye su fito fili. Yawanci a nan ake yanka shi, tun kafin a fara sanin darajarsa. Hanyar da ta fi ita ce musanya. Mai bunsuru a Matankari ya ba ɗan'uwansa na Dogonkirya, na Gesheme ya karɓi na Dumega, na Tibiri ya nemi na dangi a Kangiwa ta tsallaken iyaka. Kowane ya tafi da takardarsa: uwarsa wace ce, gwangwani nawa take bayarwa, wata nawa, haihuwa nawa ta yi, ƴaƴa nawa suka rayu. In ƴaƴan da ya bari a baya suka yi kyau, an san inda yake, ana iya ɗaukar ɗansa daga can. In ba su yi ba, a aika a ce layya ta yi.

Ƙungiyoyin mata da ke karɓar awakin habbanaye, wato na aron kiwo, sukan samu bunsuru ɗaya ga mata da yawa. Ranar da aka kawo shi, kafin a yaba jan gashinsa, shugabar ƙungiya ta sa a kama shi a duba maraina da kawunan nono da ƙaho, sannan ta tambayi wanda ya kawo shi: "Malam, uwar wanga bunsuru, wa ya taɓa tatsar ta?" In an rasa amsa, a karɓa, amma a fara awo daga ƴaƴansa na fari, kuma a ɗaura wa ɗan akuyar da ta fi kowa nono a ƙungiyar jan zare a wuya tun yana ɗan mako biyu, don kowa ya san wannan ba na dandaƙa ba ne, ba kuma na kasuwa ba.